Yadda Mati Ya Toshe Hanyar Gonarsa

Ranar Talata, 8 ga Yuni, 2021, na fara ganin Mati, wani manomin gyaɗa a ƙasar Tsanyawa. Ƙara ya kawo gidan dagaci, inda nake magatakarda, cewa masu zuwa kasuwa sun yanke hanya ta tsakiyar gonarsa, suna tattake masa shuka. An yi shela, ya yi shingen ƙaya, duk a banza.

Da kaka 'yan fim suka zo daga Kano, za su mayar da wani littafin aljanu fim. A littafin, cikin rijiya aljanar take zaune. Mati ya ja daraktan gefe.

"Yallaɓai, wace aljana mai hankali za ta zauna a rijiya, ga kuka a gonata? Kyauta na ba ku. Amma a nuno hanyar sosai, yadda kowa zai gane ta."

Haka aka yi. Da fim ɗin ya shigo wayoyin ƙauyen, kowa ya ga mace mai kofaton jaki tana tare masu wucewa a gindin kukar Mati. Mutane suka ce ai wasa ne, amma suka koma zagayawa ta titi.

Da damina ta zagayo, ba a taka masa ko kunya ɗaya ba. Sai dai 'yan ƙodago sun ƙi zuwa cirar gyaɗa, ƙaninsa ma ya ce ƙafarsa na ciwo.

Mati yana nan da ransa. Shi kaɗai yake noma gonar, kuma ba ya yarda magariba ta same shi a can.