Ranar da Na Sa Rigar Okavi

Okavi ƙawata ce tun muna 'yan mata muna tatsar shanu a gonar gwamnati ta ƙauyenmu. Shekara talatin da ɗaya muka yi, bokitina kusa da nata. Mutanen gari suka sa mata suna mai zuciyar dutse, wai don ranar da aka tsamo gawar mijinta daga kogi ba ta yi kuka ba, ta tafi tatsa. To wa zai tatsar mata? Masu bakin? Ga ɗa ɗan shekara huɗu a gida.

A yarenmu na Mari, wanda ka fi ƙauna shi kake ce wa zuciyata da hantata. Mutum ɗaya Okavi ta taɓa kira haka, ɗanta Metri. Saniyarta ta sayar ta kai shi karatu birnin Yoshkar-Ola. Ya yi aure can, ya daina ɗaga wayarta. Da ciwo ya kama ta, wata bakwai tana kwance, ni ke juya ta, ni ke wanke ta. In na zage shi sai ta ce, "Rufe min baki, Marpa, tsohuwar akuya. Zuciyata ce ke ƙuna, ba taki ba."

Sai da muka binne ta ya iso.

A al'adarmu, ranar arba'in aminin mamaci ne ke sa kayansa ya zauna a madadinsa, abin da ya faɗa kuma maganar mamacin ce. Ni na sa rigar Okavi mai jan aiki a wuya. Aka zaunar da ni kan matashinta, aka kunna kyandirorin kakin zuma, aka ajiye min waina mai hawa uku. Waɗanda suka kira ta dutse suna gefe suna ta lodar abinci.

Metri ya durƙusa gabana, ya ce, "Inna, zuciyarki ta huce a kaina?"

Kwana arba'in ina wasa maganar da zan yanka shi da ita. Ga ta a bakina, ga jama'a. Amma rigar tana ƙanshin madara da hayaƙin murhunta, kuma na san abin da za ta ce. Ban taɓa yi mata ƙarya tana raye ba.

Na ce, "Tashi, sakarai, ƙasa da sanyi. Ji yadda ka rame, matar nan ba ta dafa maka komai ne? Ta huce. Ci waina."

Ya yi kuka, ya share ido, ya ci har guda huɗu.

Da aka raka ni makabarta na tuɓe rigar na mayar da tawa, sai ya biyo ni yana murmushi. "Goggo Marpa, na gode."

Na ce, "Uwarka ce ta yafe maka, ba ni ba. Kada ka kuskura ka taka ƙofata."