Makin Merle na Lamba Sha Huɗu

Shekara arba'in Merle Dunstan ta yi tana yanka wa 'yan ƙwallon garinmu lemo, masu buga irin ƙwallon da ake tsalle a cafe da hannu. Kowace Asabar tana zaune bayan dogayen sandunan gola, bargo a cinya, ido a fili kamar mai leƙen wata duniya.

Idan kakar wasa ta ƙare, mu 'yan kallo mukan jefa ƙuri'ar gwarzon shekara a gwangwanin biskit: maki uku, biyu, ɗaya. Ukun Merle kullum na mai riga lamba sha huɗu ne, lambar da marigayi mijinta Col ya sa yana saurayi.

Bana Wayne mai gyaran famfo ne ya gaji rigar, ga tumbi, ga ciwon gwiwa. Da aka karanto masa maki uku, aka kwashe da dariya, kowa ya waiwayi Merle.

Wayne ya ce, "Haba Anti Merle! Ni da ko sau ɗaya ban cafe ƙwallo a sama ba?"

Ta yi murmushi, idonta a taga. "Kai dai ka riƙa juya mini baya, ɗan nan. Tsallen ba kai kake yi ba, Col ne."