Tokar Inna a Kan Injin Baba

Jiya wata tsohuwar mota, irin wadda muke kira katkat, ta tsaya a ƙofar shagona, da ta tashi ta bar ɗigon baƙin mai a ƙasa. Na tsaya ina kallonsa har mai sayen albasa ya gaji ya wuce. Ni dai haka nake, ɗan abu sai ya hana ni sukuni, kuma gadon Baba ne.

Baba bai iya zama ba. Ko tuwo a tsugune yake ci, kunnensa na wajen gada inda manyan motoci ke gurnani a gaban duwan, wato ofishin kwastan, kafin su haye kogi zuwa Gaya. Yana da irin wannan motar, mai hawa yashi da laka, tana kai 'yan kasuwa Garou da Madécali. Shekarar da fari ya ci arewa, lokacin soja na mulki a ƙasarmu da ta tsallaken kogi, wani attajiri ya ce ya zo ya riƙa kai hatsi garuruwan hamada. Aiki ne mai nisa, ba ranar dawowa. Sharaɗinsa ɗaya: motar ta daina zubar da mai, don a can ba inda za a ƙara.

Ita kuwa zuba take kamar tsohuwar randa. Baba ya yanka kwali ya sa a murfin inji, ya ɗaure ƙusoshi har ɗaya ta karye. Ɗigon daga baya yake sauka, sai ya yi ta haƙilo a baya. Kowace safiya ya leƙa ƙarƙashi, ya miƙe yana tsaki. Ya rame, ya daina yi mana wasa, ya yi ta zagaye tsakar gida kamar akuyar da aka ɗaure. Ni kuwa, kada in ɓoye maka, daɗi nake ji. Muddin tana zuba, Baba namu ne. Inna ma, na lura ba ta tambayarsa ko an dace.

Wata ranar zafi ya wanke injin tas da kananzir, ya bari rana ta busar da shi. Ya leƙa madafa ya ce, "Ke, ara mini rariyakki da toka." Inna ta fito da kanta ta tankaɗe tokar a kan ƙarfen har ya yi fari fat. Dabarar ita ce duk inda mai ya fara tsattsafowa, nan toka za ta fara baƙi. Baba ya shiga ya tayar, yana taka totur. Daga mazauninsa ba ya ganin komai, idon Inna ne nasa.

Ni ina riƙe da zanenta. Tare muka gani. Can gaba, ta gefen wani siririn bututu, wani ɗan tabo ya fito yana faɗaɗa a hankali. Ashe iskar tafiya ce ke kwasar man ta kai shi baya, shi ya sa Baba ya yi ta nema inda babu. Na ja zanen da ƙarfi. Ta dube ni, na dube ta. Girgizar inji na kakkaɓe tokar, da Inna ta ƙara yin shiru kaɗan, shi ke nan, tabon ya ɓace.

"Kin ga wani abu?" in ji Baba.

Ta daɗe tana kallon fuskarsa ta gilashi, yadda ƙasusuwan kumatunsa suka fito. Sannan ta ce, "Malam, kashe ta. Taho ka gani, ga shi nan gaba."

Ɗan zoben tagulla ne ya tsage, bai kai girman ƙumbata ba. Kafin la'asar ya canza shi. Ranar ya yi dariya har da ɗaga ni sama, ni kuwa na ƙi cin tuwo, na ƙi yi wa Inna magana.

Ya tafi, kuma bai fasa aike ba. Amma daga nan ya zama baƙo, in ya zo sai a shimfiɗa masa tabarmar baƙi.

Yanzu gari ya cika da babura, ba mai tankaɗe toka a kan inji. Ɗana na fari ya fara zancen tafiya aiki bakin teku, takardunsa kuma na ɓoye su cikin akwatina, ya ɗauka sun ɓace. Ya fara ramewa. Na kai shekarun Inna na ranar nan har na wuce, amma bakina bai buɗe ba tukuna.