Sunan da Innarsa Take Kiransa

Sunana ba zai amfane ku da komai ba, saboda haka zan bar shi. A Gwandu aka haife ni. Mahaifina tela ne, bai taɓa riƙe wa mutum ko ƙyallen da ya rage ba. Na gama sakandare, na koyi kwamfuta, na buɗe ɗan shagon buga takardu a Kalgo, kusa da inda ɗalibai suke kama haya. A lokacin ban taɓa ɗaukar allurar kowa ba. Aibina ɗaya ne: ina son a ce na fi kowa wayo.

Cikin masu zuwa shagona akwai wata ɗaliba 'yar Zuru mai suna Rifkatu. Ita ta fara nuna mini cewa ban da manyan shafukan sada zumunta da kowa ya sani, akwai waɗansu ƙananan zauruka a intanet da ba su da ubangida ɗaya. Kowane zaure da mai shi da dokokinsa. Na ɗalibai daban, na manoma daban, na 'yan Gwandu mazauna kudu daban. Suna gaisawa da juna, amma in ka nemi magana a cikin wannan, ba lallai ka ga abin da aka faɗa a wancan ba.

"To yaya kike gano hirar da kike nema?" na tambaye ta.

"Daga waje ake shigowa," in ji ta.

Ta buɗe babban injin bincike. Ta nuna mini yadda ake sa kalma tsakanin alamun zance don a kawo ta daidai yadda aka rubuta, da yadda ake takaita bincike ga adireshin zaure ɗaya, da yadda ake sa alamar ɗebewa a kori kalmar da ba a so, da yadda ake zaɓar lokaci. Ita hirar manoma kan cutar albasa take tarawa don aikin makaranta. Ni kuwa na koya ne don in burge mutane.

Wata rana na rubuta sunan garin Malisa tare da kalmar cigiya. Na ga wani yana neman sansa na noma da ya ɓace. A wani zauren dabam kuma na ga wani yana cewa an tsinci wani sa a wajen Ceberu. Ba su san da juna ba. Na haɗa su, mai sa ya aiko mini da tukuici ban roƙa ba. Na ji daɗin kuɗin, amma na fi jin daɗin yadda ya ce, "Kai malam, ko duba kake?"

Cigiya ta gaba ta babur ce. Na bincika ban sami komai ba, amma na kira duk da haka. Na ce na ga mai kama da shi, a turo kuɗin mota in je in tabbatar. Aka turo. Na cire layin na jefa a aljihun tebur. Babu abin da ya same ni, sai na sake. Daga dabbobi da babura na koma kan mutane, domin mai neman ɗan'uwansa ba ya ciniki.

Ga yadda nake yi. Cigiya ɗaya takan watsu a zauruka da yawa, kuma kowa da abin da yake ƙarawa. Wannan ya faɗi launin riga, wancan ya faɗi tabon goshi, wata ta ce ai yana ɗingishi. Ba wanda ya ga dukansu sai ni. In na kira, sai in zayyana wa dangi mutumin kamar tare muka ci tuwo. Mutanenmu kuwa suna da dabara tun da can: mai cigiya yakan ɓoye alama ɗaya, wadda da ita zai gane mai gaskiya. Wannan alamar ita nake farauta.

Haka na faɗa kan cigiyar Bello, wani magidanci daga Maruda mai fama da farfaɗiya. Ya fita da safe zuwa gonar rake bai dawo ba. Ƙanensa Usman ne ya sa lambarsa. A lokacin samarin garin sun bazu cikin gonakin rake da rijiyoyin lambu, suna bi layi-layi, domin mai irin wannan ciwo in ya faɗi a cikin rake ba a ganinsa daga hanya.

Na haɗa Maruda da farfaɗiya a cikin bincike, na kori kalmar cigiya, na koma baya. Sai ga wata tsohuwar hira a zauren masu jinyar 'yan'uwa. Wata 'yar baffansu ta taɓa ba da labarinsa don ta ƙarfafa wa wata zuciya. Ta ce shi ɗan fari ne, innarsa ba ta faɗar sunansa saboda kunya, Maiwada take ce masa. In ciwon ya sake shi yakan rikice, ba ya amsa Bello, sai wannan sunan.

Na kira Usman. Na ce na ga mutum a kasuwar Kalgo wajen masu kifi, a rikice, na ba shi ruwa.

"Dakata, ga Inna," in ji shi.

Muryar tsohuwa ta shigo, ba ta ko gaishe ni ba. "Yaro, da wane suna ya amsa ma?"

"Na kira Bello bai waiwayo ba, Inna. Shi da bakinsa ya ce Maiwada."

Na ji wayar ta faɗi, na ji mata sun ɗauki salati. Da Usman ya sake ɗauka na ce a turo abin da zan saya masa abinci da magani in riƙe shi kafin su iso. Suka turo. Aka aika gonaki aka ce wa samari su dawo, an gan shi a Kalgo. Na kashe layin na ci gaba da buga takardun mutane. Da yamma na hango motar da ta kawo su a bakin kasuwa, suna tare mutane da hoto a hannu. Ban ji komai ba. Ina faɗa muku ne yadda abin yake.

Sun yi kwanaki suna neman sa a Kalgo da ƙauyukanta. Kafin su koma kan gonaki ruwa ya sauka, sawu ya ɓace. Daga baya aka tsinci takalminsa ƙafa ɗaya a cikin rake, ba nisa da inda samarin suka tsaya ranar da aka kira su. Shi kuwa har yau ba a gan shi ba.

Kamuna bai yi wuya ba. Usman ya rubuta lambar da na kira shi da ita a zauren 'yan Gwandu. Rifkatu ta gani, ta sa lambar tsakanin alamun zance kamar yadda ta koya mini. Sai ga ta a wani tsohon tallan shagona da na manta na taɓa sawa. Ranar da 'yan sanda suka zo tana tsaye a bakin hanya. Abin da ta ce kawai shi ne, "Da hannuna na nuna maka." Alƙali ya saurari masu dabbobi, da masu babura, da Usman, ya tura ni gidan yari.

Ba zan cika ku da labarin gidan yari ba. Akwai kwarkwata, akwai yunwa, akwai zafi, duk mutum yana sabawa. Abin da ban saba da shi ba shi ne tambayar tsohuwar nan. Mahaifina ya rasu ina ciki, aka ce tun ranar shari'a bai sake zama a majalisa ba. A can na koma salla da gaske, na koyi ɗinkin da na raina a gidanmu.

Da aka sake ni na tafi Maruda neman gafara. Usman ya tare ni a zaure. Bai zage ni ba.

"Mun gaya mata ƙarya ce, ba ta yarda ba," in ji shi. "Duk ranar kasuwar Kalgo da ta samu mai kai ta, sai ta tahi. Shiga ka hwaɗi mata da bakinka, ko ta huta."

Na same ta a kan tabarma tana tsince wake. Na durƙusa na faɗi ko ni wane ne. Fuskarta ta washe, ta ture faifan gefe.

"Kai ne kag gane shi? Ya rame?"

"Inna, ban taɓa ganinsa ba. Ƙarya na yi don in karɓi kuɗi. Ki yafe mini."

"To wa ya gaya ma sunan ga?"

Na yi mata bayanin zauruka da bincike da 'yar baffansu. Ta saurare ni har na gama, tana kallona kamar yaron da ke kare kansa.

"Tsoron hukuma ya sa kake hwaɗin hakanga," in ji ta. "Na yahe ma. In ka koma ganinai, ka ce mishi ba wanda ka yi mai hwaɗa, shi dawo gida."

Na sake rantsewa, ta sake yafe mini, ta sa aka ɗebo mini wake a leda.

Yanzu ina ɗinki a Gwandu, a kan keken mahaifina. Ku matasa, iya bincike ba laifi ba ne, ku koya, zai amfane ku. Amma ku sani duk maganar da kuka tono a intanet wani ne ya rubuta ta, sau da yawa cikin damuwa, ga mutanen da ya amince da su. In kun ga cigiya kuna da labari, ku faɗa kyauta. In ba ku da shi, ku yi addu'a ku wuce. Kada ku ce ai ɗan kuɗin mota ne, ni ma da shi na fara. Na gama zaman da alƙali ya yanke mini, na biya waɗanda zan iya biya. Abin da na sa a zuciyar tsohuwar nan kuwa na yi na yi in cire, ya ƙi fita. Ranar kasuwar da ta wuce ma an gan ta a Kalgo, wajen masu kifi, tana duba fuskokin mutane.