Rabon Kwamfutar Kawu

Tun yana ɗan shekara bakwai ake kiransa Saura-Ɗaya, kuma shi ya jawo wa kansa. Duk abin da ya kwance a gida ya mayar, sai an tsinci noti ɗaya a kan tabarma. Rediyon Inna noti ɗaya, fanka noti ɗaya, keken ɗinkin maƙwabciya kuwa noti ɗaya da wani ƙarfe mai kama da cokali wanda har yau ba a san inda ya fito ba. Abin haushin, kayan suna ci gaba da aiki, wasu ma sun fi da. Dangi sun haɗu a kan cewa da za a ba shi jirgin sama ya gyara, zai tashi lafiya lau, sai dai ba mai shiga.

Da ya girma sai ya zama mai gyaran na'urar kwafin takardu. Kullum yana yawo ofis-ofis da baƙar jaka, yatsunsa baƙi ƙirin da hodar tawada, har a hoton aurensa ana ganin sawun babban yatsansa a gyalen amarya. Magana kuwa ba ta dame shi ba. In ka gaishe shi yau, amsar tana iya iso maka jibi. Matarsa ta ce a shekara shida ya faɗa mata kalma ɗari biyu, rabinsu "miƙo min filaya".

Mahaifinsu ya rasu yana aji uku, ƙanwarsa Auta tana goye. Kawu, yayan Inna, shi ya kwaso su ya ba su ɗakunan bayan gidansa, kuma a nan Saura-Ɗaya yake zaune da iyalinsa har gobe. Kawu ma'ajin sito ne na wani kamfanin kayan gini, shekara talatin da biyar ko ƙusa ba ta ɓata a hannunsa ba. Shi ya yi ritaya, makullansa ba su yi ba. Saura-Ɗaya yanzu yana da furfura uku da 'ya'ya biyu, amma in Kawu ya yi gyaran murya sai ya miƙe tsaye, ko da a waya ne.

Wata Asabar Auta ta shigo da laftof a hammata, ta kifa bokitin fenti ta zauna.

"Yaya, na mutu."

"To."

"Ba za ka tambayi abin da ya kashe ni ba?"

Ya ci gaba da goge abin da ke hannunsa. Ta san tambayar ke nan, sai ta yi bayani. Aikinta na gama jami'a a kan kwatoci ne: in ruwan sama ya sauka a wata unguwa, ina zai bi, wace kwata za ta cika, gidan wa zai fara sha. Dole kwamfuta ta gwada ruwa iri dubu shida, daga yayyafi har wanda ke tafiya da motoci. Laftof ɗin ta ce sai ta yi kwana arba'in da ɗaya. Malamai sun ce kwana goma sha biyu, ranar Alhamis da tsakar rana, wanda bai miƙa ba sai baɗi.

"Baɗi fa, Yaya. In koma aji ɗaya da yaran da na nuna wa hanyar ɗakin karatu."

Ya yi shiru har ƙuda ya sauka a hancinsa ya huta ya tashi. Sannan ya ce, "Ɗaya, arba'in da ɗaya. Goma fa?"

"Ina za ka samu goma?"

Ba ta san yayanta ba. A bayan kowace na'urar kwafi a duniya akwai wata ƙofa, a bayan ƙofar akwai kwamfutocin da aka daina yayi, kuma duk ya san su da fuska. Kwana biyu yana jigila. Ofishin inshora ya ba shi uku har da addu'a. Makarantar koyon buga rubutu da ta koma shagon aski ta ba da huɗu, ɗaya da gidan zanzaro a ciki. Mai hoto biyu, mai kemis ɗaya, sai likitan haƙori da ya ba da wata mai ƙarfi, wadda in ta yi zafi ɗaki ke ɗaukar warin asibiti. Goma sha ɗaya ke nan.

Wurin ajiye su shi ne ɗakin kayan Kawu da ke ƙarshen tsakar gida. Kawu ya bayar, da sharaɗi: shi zai buɗe ƙarfe takwas, shi zai rufe ƙarfe shida, makulli a aljihunsa. Sannan ya shiga ɗaka ya fito rungume da wani abu a naɗe cikin tawul. Kwamfutar da kamfani ya ba shi ce ranar sallama, lokacin da suke neman inda za su zubar da ita. In an kunna ta, mutum yana iya zuwa aski ya dawo ya tarar ba ta gama buɗe ido ba.

"Ga tawa," in ji Kawu. "Ba ta taɓa ciwo ba."

Saura-Ɗaya ya karɓa da hannu biyu.

Ya jera su a kan tsohuwar kantar fenti, ya ja wa kowace waya shuɗiya zuwa wani ƙaramin akwati mai ƙiftawa, ta yadda za su riƙa jin juna. Tsarin irin wannan aiki, dole ɗaya ta zama shugaba, ita ke ba da aiki, ita ke tattara amsa. Ya dubi ta likitan haƙori, ya san ita ta dace. Sai ya hango a ransa kwamfutar likitan, yaron da aka haifa Kawu yana da gemu, tana aiken ta Kawu. Ya fasa. Ya ɗora ta Kawu a kan bene na sama, ya haɗa mata allo ɗaya tilo da ke ɗakin.

Saura rabo. Ya daɗe da yatsa a kan madannai. In ya rage wa ta Kawu, ya ce mata ta tsufa ke nan, kuma Kawu yana zaune a bakin ƙofa. Ya raba dubu shida gida goma sha biyu, kowace ɗari biyar, ba babba ba yaro.

Kawu ya yanka kwali ya yi wa kowace kati, ya ɗaura mata da zare, da sunan wanda ya bayar. Kowace safiya sai ya sa tabarau ya kwafe adadin da kowace ta gama daga allo zuwa katinta.

Ranar Talata aka kunna. Ƙarar fankokinsu ta sa maƙwabta suka zo tambayar ko an buɗe injin niƙa. Zafi kuwa, matarsa ta mayar da igiyar shanya bakin ƙofar, riga tana bushewa kafin a gama matse wando. Kazar maƙwabta ta lallaɓa ta yi ƙwai a bayan kantar fentin, aka same shi dafaffe.

Ranar Lahadi da safe Kawu ya buɗe ƙofa, ɗakin tsit. Goma sha ɗaya sun gama nasu, sun miƙe ƙafa. A can sama ta Kawu kaɗai ke nishi. Katinta ya ce sittin. Goma sha biyu take yi a rana, wato sai ta kwana arba'in da biyu. Saura-Ɗaya ya yi jigilar kwana biyu, ya ja waya mai tsawon unguwa, ya gina abin da ya fi laftof ɗin Auta jinkiri da kwana ɗaya.

Auta ta ja shi bayan shanya.

"Gyaran minti nawa ne?"

"Goma."

"To me kake jira? Ka kwashe nata ka ba sauran."

"Kawu zai gani."

"Ya gani mana. Kwamfuta ce, Yaya, ba matarsa ba."

Ya dubi ƙasa.

"Talata da yamma nake so," ta ce. "Laraba rubutu zan yi. In ba ka faɗa masa ba, ni zan faɗa, kuma ka san bakina ba shi da birki."

Ranar Litinin ya gwada sata. Ya jira Kawu ya zagaya, ya tura guda biyar kacal wa ta mai kemis. Fankarta ta tashi. Kawu ya dawo yana gyara hannun riga, ya tsaya a bakin ƙofa ya karkata kunne. Mutumin da ya taɓa kama ɓarawon siminti daga yadda yake tafiya.

"Ta mai kemis ba ta gama shekaranjiya ba? Me take ci?"

"Ƙura nake kaɗe mata, Kawu."

"Da wuta?"

Ya kashe ta, ya mayar da biyar ɗin inda ya ɗauko. Ranar bai ci abincin rana ba. Matarsa ta ajiye kwanon a gabansa ta ce, "In kunya ce, ka ci ka ƙoshi tukuna, ba da yunwa ake yin ta ba." Ya ce to, bai ci ba.

Talata ƙarfe takwas Kawu ya buɗe, ya rubuta tamanin da huɗu a katin, ya zauna a kujerarsa. Auta tana tsakar gida tana wanke kofi ɗaya tun ɗazu, idonta a kan ƙofar. Saura-Ɗaya ya zo ya durƙusa ya gaishe da Kawu. Ya tambayi ƙafa. Ya tambayi bayan. Ya sake gaishe shi. A gaisuwa ta huɗu Kawu ya cire tabarau.

"Mutuwa aka yi?"

"A'a, Kawu."

"To faɗi."

"Kwamfutar Kawu ce. Tana ƙoƙari."

"Ta tsufa."

"Ban ce ba, Kawu."

"Ni na ce. Ci gaba."

Sai maganar ta ɓalle masa gaba ɗaya, ya ƙarar da kalmomin shekara biyu a zama ɗaya. Ya ce saura ɗari huɗu da goma sha shida, ita ba za ta gama ba sai watan gobe ya raba, sauran kuwa za su cinye su kafin yamma, kuma in ba a yi haka ba Auta za ta maimaita shekara. Ya ce laifinsa ne, shi ya raba daidai.

"Me ya sa ka raba daidai?"

"Kada ta Kawu ta ga an rage mata."

Kawu ya dube shi kamar buhun da ya zo ba cikakke ba.

"Kai, a wane sito ka ga ana haka? Shekara talatin da biyar ban taɓa ce wa lebura ga buhunka hamsin ba. Tari ake yi a bakin mota. Wanda ya sauke ya dawo ya ɗauki wani. Mai ƙarfi ya kai goma, mai ciwon baya ya kai biyu, mota ta tashi. Kuma ma'aji ba ya ɗaukar kaya. Ka taɓa ganina da buhu a ka?"

"A'a, Kawu."

"To me ya sa ka ɗora wa tawa? Ka sa ta rabo, ka sa ta dako. Tun Laraba nake ganin abin a kati."

Auta ta iso da kofin a hannu. "Tun Laraba, Kawu? Me ya hana ka magana?"

"An tambaye ni?" Ya mayar da tabarau. "Kuma na ɗauka wani ilmi ne na zamani. Na ce kada in tsoma baki in kunyata yaro a gaban ƙanwarsa."

Auta ta dubi Kawu, ta dubi yayanta, ta buɗe baki ta rufe. Birkin ya kama.

Gyaran ya ci minti goma sha biyar, don Kawu ya tsaya a bayansa yana cewa a hankali. Aka tara sauran aikin wuri ɗaya, ta Kawu ba ta ɗaukar ko ɗaya, miƙawa kawai take yi, duk wadda ta gama ta dawo ta karɓi wani. Ƙarfe tara da rabi fankoki suka tashi gaba ɗaya. Kawu ya sanar da cewa ƙarfe shida zai rufe, an gama ko ba a gama ba, doka ba ta san 'yar ƙanwa ba.

Yini guda su uku suna kallon lamba tana sauka. Ta likitan haƙori tana zuwa tana dawowa kamar an biya ta, ta gidan zanzaro tana tafiya kamar mai zuwa gaisuwar surukai. Kawu yana yi musu faɗa da sunan masu su. Ƙarfe biyar saura talatin da shida. Biyar da rabi Kawu ya fito da kwaɗo ya ɗora a gwiwa. Auta ta daina zama. Saura-Ɗaya ya ɗauki kwali yana yi wa na makarantar buga rubutu fifita, ko da yake shi ma ya san ba ya ƙara komai.

Shida saura kwata allo ya nuna sifili. Auta ta kwashe amsar a 'yar na'urar ajiya ta filas, ta rataya a wuya, ta riƙe da hannu kuma.

"Yaya," ta ce, ta ɗan daki kafaɗarsa ta fita da gudu.

Ranar Alhamis da yamma Auta ta dawo takalmi a hannu. An karɓa, da ragowar minti ashirin. Saura-Ɗaya yana zaune a kan bokitin fenti, ya gyaɗa kai sau biyu, wanda a wurinsa rawa ce. Matarsa ta tsaya da tsintsiya.

"To wai me lissafin ya ce?"

"Ya ce kwatar ta yi kaɗan."

Matar ta dubi ɗakin kayan, ta dubi mijinta, ta dubi Auta.

"Kwamfuta goma sha biyu," ta ce. "Da kin tambayi mai shara."