Alƙali Barau da Burtalin Kangire

Shekara ashirin da bakwai Malam Barau Maikano ya yi yana alƙalanci, daga Birnin Kudu zuwa Gwaram, kuma kowa ya san halinsa ɗaya: ba ya yanke shari'ar gona daga kan kujera. Sai ya naɗe rawani, ya tattare riga, ya je ya taka iyakar da ƙafarsa. Mutanen Maruta har yau suna ba da labarin yadda ya shiga taɓo har gwiwa saboda gonar wata tsohuwa.

Da ya yi ritaya ya dawo garinmu Kangire, sai zaurensa ya zama wurin sulhu. A nan rigimarmu da Sabo ta same shi.

Sabo makiyayi ne, tare muka tashi. Burtalin da shanunsa ke bi zuwa rafi mu manoma mun cinye shi kaɗan-kaɗan, har ya zama saniya ɗaya ba ta wucewa sai ta taɓa shuka. Ya ce ko a buɗe masa hanya, ko ya kwashe iyalinsa ya bar garin da aka binne ubansa. Ni kuwa, da bakin nan nawa, na ce wallahi ko kara ɗaya ba zan cire ba.

Malam Barau ya tara dattawa muka bi tsohuwar hanyar, suna nuna itatuwan aduwa da kakanni suka bari alama. Kai jama'a! Ashe gonar farko da ta hau burtalin ta Malam Barau ce, ta gado. Gero ya yi kai, saura mako uku girbi.

Maigari ya yi gyaran murya. "Allah gafarta Malam, a bari a girbe tukuna."

"Shanun za su jira mako uku ba su sha ruwa ba?" in ji Malam Barau.

Ya karɓi adda a hannun wani manomi. Tsoho mai shekara saba'in, ya dinga sarar geronsa yana haki. Sabo ya riƙe masa hannu yana cewa, "Baba, ya isa, don Allah," ya fizge ya ci gaba.

Bai kalle ni ba, bai kira sunan kowa ba. Gonar da ke gaba tawa ce, sai na ce a miƙo mini addar.