Jitar da Jabiru Ya Gyara

Jabiru kafinta ya zo Jidda da umara tun gashin kansa na baƙi, bai kuma koma Gusau ba. A unguwar Khumra yake, bayan wani sito, yana gyaran kujeru da ƙofofin da masu su suka gaji da su. Ba shi da iƙama, takardar izinin zama, ba shi da yawan magana, amma ba ya iya ganin abu a tsage ya bar shi. Ko kwanon cin abincinsa gam ne ke riƙe da shi.

A haraj, kasuwar gwanjo, ya tsinci wata jita a ƙarƙashin matattun fankoki. Wuyanta ya karkace, cikinta da tsaga tsawon tafin hannu. Othman, haifaffen unguwar Hindawiyya da ke tuƙa motar siton, ya jujjuya ta ya ce irin wannan mai arahar ce baƙaƙen Amurka na da suke saye su yi waƙar baƙin cikinsu. Jabiru bai san su ba, amma maganar ta zauna masa. Yakan sauko da ita daga bango ya taɓa, sai dai yatsun da suka saba da guduma ba su fitar da komai ba sai ƙara.

Wata Juma'a bayan la'asar, Zaharadden mai dakon kaya, wanda ya taɓa kaɗa garaya a gida, ya ce, "Yaya Jabiru, ara mini in gani." Ya sassauta tsirkiya, ya ɗaure, ya soma. Tsagar nan ta cikinta ta riƙa gurnani a ƙarƙashin kiɗan, sak garayar mafarauta. Masu shan shayi suka ajiye kofuna. Wani tsoho ya share ido.

Daga ranar, kowace Juma'a sai ƙofar shagon ta cika. Bencinan Jabiru ake zama a kai, jitarsa ake kaɗawa, amma abin da mutane ke cewa shi ne, "Mu je mu ji jitar Zaharadden." Jabiru yakan zauna a ciki yana goge katakon da ba ya bukatar guga.

"Ya ammi, fito mana," in ji Othman, wanda ke kiransa baffa da Larabci. "Ko kai ma ka fara waƙar baƙin cikin ne?"

"Wa ya tsinto ta?"

"Kai. Amma jaki ma yana ɗauko littattafai."

Aka yi dariya, har da Zaharadden. Jabiru ya ci gaba da guga.

A makon nan ya yanke shawara. Kiɗa ba nasa ba ne, amma katako nasa ne. Zai mayar da ita sabuwa, yadda duk wanda ya gan ta dole ya tambayi hannun wa ya taɓa ta. Ya miƙar da wuyan, ya cika tsagar da gam da garin katako, ya goge, ya shafa mata fenti har tana ɗaukar ido. A ransa, a duk zamansa na Jidda bai yi aiki mai kyan wannan ba.

Ran Juma'a ya miƙa ta da hannu biyu. Zaharadden ya kaɗa, ya tsaya, ya kara kunne a cikinta, ya sake kaɗawa. Sauti ya fito tas, siriri, irin na kowace jita a rediyo.

"Yaya, ina muryarta?"

"Na gyara ta."

"Tsagar ce ke magana."

Zaharadden ya ɗan ƙoƙarta, mutane suka koma hirarsu. Othman ya miƙe yana karkaɗe riga. "Halas. Ammi ya yi wa mara lafiya magani har ya mutu. Yalla."

Juma'a ta gaba mutum uku suka zo, ta bayanta babu kowa. Zaharadden ya samo ƙwarya da fata ya haɗa wa kansa garaya, taron ya koma unguwar Kurayyat. Yakan aiko wa Jabiru gaisuwa, ya ce ya zo. Jabiru bai taɓa zuwa ba, amma duk wanda ya dawo daga can sai ya tambaye shi ko an cika.

Jitar tana nan a bango, tana ƙyalli. Yanzu kowa a Khumra da sunansa yake kiranta. In baƙo ya tambaya, sai a ce masa, "Ita ce jitar Jabiru, wadda ya gyara."